Julius Rosenwald: Attajirin da ya ce sai al'umma ta kawo nata kason

An haifi Julius Rosenwald a 1862 a Springfield ta jihar Illinois. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Jamus. Ya yi arziki a kamfanin Sears, amma makarantu ne suka raya sunansa.

Daga 1912, shi da Booker T. Washington suka soma tallafa wa baƙar fata a kudancin Amurka, inda wariya ta hana 'ya'yansu makarantun kirki. Sharaɗinsa shi ne al'umma da hukuma su kawo nasu: kuɗi, fili ko aikin gayya. Haka aka gina makarantu kusan 5,000 a jihohi 15, kuma abin da talakawan suka tara ya zarce nasa.

Ya rasu a 1932, bayan ya umarci a ƙarar da asusunsa cikin shekara 25 da mutuwarsa. An rufe asusun a 1948.