Clapperton, Baƙon Kano Cikin Hunturu

An haifi Hugh Clapperton a ƙasar Sikotlan cikin 1788, ya yi aikin sojan ruwa. Ya shigo birnin Kano ran 20 ga Janairu 1824, kwana takwas bayan rasuwar abokin tafiyarsa, Likita Oudney. Aka sauke shi kusa da Jakara, zazzaɓi kuwa ya yi ta kayar da shi.

Mu da muke taruwa bakin wuta mu yi hira cikin wannan wata, mun san kewar baƙo. Ran nan ya sa wuri 2,000, mahauta suka yi dambe a ƙofar gidansa, har 'yan mata suka bar tulunansu bakin rijiya domin kallo.

Ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu 1827.