Agirikola, gwamnan Rum da ya riƙe Birtaniya da takobi da makaranta

A shekara ta 43 bayan haihuwar Annabi Isa, sojojin Rum suka ƙetare teku suka sauka a tsibirin Birtaniya. Mutanen da suka tarar manoma ne da makiyaya, kowace kabila da sarkinta, suna kwana cikin ɗakunan jinka masu kewaye. Daga cikin gwamnonin da Rum ta aika musu, babu wanda labarinsa ya iso wannan zamani a cike kamar Juliyus Agirikola.

An haife shi a shekara ta 40 a garin da ake kira Firejus yanzu, a kudancin Faransa. Yana jariri Sarki Kaligula ya sa aka kashe ubansa, sai uwarsa ta rene shi, ya yi karatu a Marsai. Yana da shekara 20 ko kusa da haka aka tura shi Birtaniya a matsayin ƙaramin hafsa. Zuwansa ya dace da tawayen Sarauniya Budika, wajen shekara ta 60. Ma'aikatan Rum sun yi wa wannan mata bulala, sun keta mutuncin ƴaƴanta mata, sun ƙwace gonakin dangin mijinta. Jama'a suka tashi suka ƙone birane uku, har da Landan. Rumawa sun ci nasara daga baya, amma saura kaɗan tsibirin ya kuɓuce musu. Saurayin ya ga abin da zalunci ke haifarwa, bai kuwa manta ba.

Ya sake komawa can wajen shekara ta 70 yana shugabancin runduna ta 20, sa'an nan aka naɗa shi gwamna wajen shekara ta 77. Da isarsa ya ci arewacin Wels da tsibirin Mona da yaƙi. Bayan haka ya juya kan ofishinsa. A lokacin akan tilasta wa talakawa ba sojoji hatsi. Wanda ba shi da isasshe, sai a sa shi ya saya daga rumbunan gwamnati da tsada, wani kuma a ce ya kai nasa wuri mai nisa alhali akwai bariki kusa da shi, har sai ya ba da toshiyar baki. Agirikola ya hana wannan, ya daidaita rabon lanho tsakanin jama'a.

Daga nan ya kama wata dabara. Ya kwaɗaitar da shugabannin kabilu su gina kasuwanni da ɗakunan ibada da gidaje irin na Rum, mai himma ya yaba masa, malalaci ya tsawata masa. Ya sa ƴaƴan sarakuna karatu. Waɗanda a da ba su son jin Latinanci suka shiga gasar iya magana da shi. Suka fara yafa toga, wato babban mayafin ulu na manyan Rumawa, suka saba da gidajen wanka da shagulgulan cin abinci. An tono gutsattsarin wani allon dutse mai ɗauke da sunansa a dandalin tsohon birnin Ferulamiyum, kusa da Landan, da bututan ruwa na dalma masu sunansa a Cesta.

Bai ajiye takobi ba duk da haka. Ya kutsa arewa cikin ƙasar Sikotilan, ya ci yaƙin dutsen Giraufiyus wajen shekara ta 83, jiragen ruwansa suka kewaya tsibirin. Ba da jimawa ba Sarki Domisiyan ya kira shi gida. Bai ƙara riƙe wani babban muƙami ba har ya rasu ranar 23 ga watan Agusta, shekara ta 93. Yawancin ƙasar da ya ci a arewa Rumawa sun bar ta tun kafin rasuwarsa.

Wanda ya rubuta tarihinsa a shekara ta 98 shi ne Tasitus, mijin ƴarsa. Ya yabi surukinsa ƙwarai, amma bai ɓoye ba cewa abin da Birtaniyawa suka ɗauka wayewa ce, wani sashe ne na bautarsu. Birtaniyawan wancan zamani ba su bar nasu labarin a rubuce ba, saboda haka da bakin mai mulki kaɗai ake jin abin da ya same su.

Mulkin Rum ya daɗe har wajen shekara ta 410. Ya bar hanyoyi da birane da rubutu. Amma toga da Latinanci sun fi kama manyan gari. Mafi yawan jama'a sun ci gaba da noma a ƙauyuka, suna magana da harshen iyayensu. Latinanci ya ɓace daga bakin mutanen tsibirin, harshen ƙauyukan kuwa ya rayu, daga cikinsa ne aka samu harshen da ake yi a Wels har yau.