Matvei Bronstein: Masanin da Aka Kashe Yana Ɗan Shekara 31

A wannan makon mun ɗauko muku tarihin wani masanin fiziks wanda ko a littattafan ajinmu ba a cika ambaton sa ba.

An haifi Matvei Bronstein a shekarar 1906 a garin Vinnytsia, cikin ƙasar Yukiren ta yau. Yawancin karatunsa na farko a ɗakin karatu na birnin Kiev ya yi shi da kansa, har ya buga takardar bincikensa ta farko a 1925, tun bai shiga jami'a ba. Daga nan ya tafi Jami'ar Leningrad, inda ya yi abota da Lev Landau da George Gamow.

To, me ya bincika? Fiziks na zamani yana tsaye ne a kan ginshiƙai biyu. Na farko ka'idar Einstein ta 1915, mai bayyana ƙarfin da ke jawo mangwaro ƙasa, yake kuma riƙe wata a falakinsa. Na biyu ka'idar kwantam, mai bayyana halin ƙwayar zarra da abin da ya fi ta ƙanƙanta. Kowace tana aiki daidai a fagenta, amma in aka zo haɗa su sai lissafi ya cije. A 1935 Bronstein ya kare kundin digirinsa a kan wannan haɗi, aka buga sakamakon a 1936.

Inda ƙarfin janyowa yake da rauni, ya nuna cewa haɗin yana yiwuwa. Abin da ya fi burge mu shi ne abin da ya hango bayan haka. In kana son auna wannan ƙarfi a wuri ɗan mitsitsi, dole ma'auninka ya zama ƙarami kuma mai nauyi. Amma nauyi shi ne tushen janyowar. In ka ci gaba da cusa nauyi a ƙaramin wuri, ma'aunin zai rufta cikin kansa, ya zama abin da yau ake kira baƙin rami. Ke nan awon yana da iyakar da ba a ƙetarewa. Daga nan ya yanke cewa wataƙila sai an sake tunani a kan ma'anar wuri da lokaci su kansu.

Bai raina yara ba. Ya rubuta musu littattafan kimiyya, ciki har da wanda ya ba da labarin yadda aka fara gano iskar hiliyam a hasken rana kafin a same ta a doron ƙasa.

A watan Agusta 1937, lokacin kame-kamen gwamnatin Stalin, aka kama shi a Kiev bisa zargin ƙarya. Ranar 18 ga Fabrairu 1938 aka yanke masa hukunci, aka harbe shi a ranar. Matarsa, marubuciya Lydia Chukovskaya, ce mata aka yi an ɗaure shi shekara goma ba damar aiko wasiƙa. Sai a 1957 hukuma ta wanke shi daga laifi.

Tambayar da ya bari har yau ba a warware ta ba. Wasu masana na ganin komai an yi shi ne da 'yan zarurruka masu kaɗawa, wasu kuma na ganin sararin kansa saƙa ce ta ƙananan madaukai. Masu wannan ra'ayi na biyu suna ba da kyauta da sunansa tun 2013. Waɗanda ke da burin karanta fiziks a Jami'ar Ahmadu Bello, nan Samaru, za su tarar da tambayar tana nan.