Janar Murtala Ramat Muhammed: Ɗan Midil da Ya Zama Soja

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, a wannan fitowa na ga ya dace in ɗan taɓo tarihin marigayi Janar Murtala, Allah Ya jiƙansa, tun da yake makarantarmu ya yi kafin mu. Ni a Kabara na tashi, shi kuwa ɗan Kurawa ne, tafiyar ƙafa ce kawai tsakaninmu. Saboda haka tun muna yara sunansa yake yawo a zaurukan unguwa.

An haife shi ran 8 ga Nuwamba, 1938. Ya fara karatu a elementare ta Cikin Gida, sannan Gidan Makama. A 1949 ya shiga Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa. Daga nan sai Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa, inda ya gama a 1957. Shekara na zagayowa ya shiga soja. Aka tura shi Sandhurst a Ingila, ya fito hafsa a 1961, aka sa shi sashen sadarwa. Ya kuma je Kwango cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya.

Kashe su Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa a Janairun 1966 ya ƙona masa rai ƙwarai. Yana cikin jagororin juyin mulkin watan Yuli na wannan shekara, wanda ya kawo Gowon.

Inda aka fi saninsa a matsayin soja shi ne Yaƙin Basasa. A Agustan 1967 dakarun Biyafara suka kwararo Jihar Tsakiyar Yamma, har suka kai Ore, ana fargabar Ikko za ta faɗi. Cikin gaggawa aka harhaɗa Runduna ta Biyu aka danƙa masa, yana Laftana Kanar, bai cika shekara talatin ba. Da yawa cikin mutanensa sababbin ɗauka ne. Duk da haka kafin ƙarshen Satumba ya ƙwato Benin, daga baya ya kora abokan gaba har gaɓar Kwara.

To amma a nan ne zafin zuciyarsa ya jawo asara. 'Yan Biyafara sun karya gadar Kwara, hedkwata ta ba shi shawara ya zagaya ta Idah, shi kuwa ya dage sai ya tsallaka ruwa kai tsaye daga Asaba zuwa Onitsha. Sau uku ana gwadawa, sau uku ana komowa da gawawwaki, wasu ma ruwa ya tafi da su. Daga baya ta Idah ɗin aka bi, Onitsha ta faɗi a Maris 1968. Ran 31 ga wannan wata kuma aka yi wa ayarin motocinsa kwanton ɓauna a Abagana, wuta ta cinye su. Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba a Kano: a Oktoban 1967 sojojin rundunarsa sun harbe ɗaruruwan maza farar hula a Asaba. A ganina wanda ya ƙaunaci mutumin nan da gaske bai kamata ya tsallake wannan shafi ba, don mutanen Asaba har yau suna juyayin ranar.

A 1974 ya zama Kwamishinan Sadarwa na Tarayya. Ran 29 ga Yuli, 1975, Gowon yana taro a Kampala, aka kifar da shi, aka naɗa Murtala. Kwanansa wajen 200 kacal a kan mulki. A cikinsu ya mai da jihohi 12 zuwa 19, ya yanke shawarar ɗauke babban birni daga Ikko zuwa Abuja, ya sa 1 ga Oktoba, 1979 ranar miƙa mulki ga farar hula, ya kuma goyi bayan MPLA a Angola duk da matsin Amurka. Ya sallami ma'aikata fiye da 10,000. Malamanmu da suka ga zamanin sun san an kori ɓarayi, an kuma haɗa da masu gaskiya da ba a ko saurare su ba.

Ran Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, yana kan hanyar ofis a Ikko, ba jiniya ba rakiyar sojoji, yaran Laftana Kanar Dimka suka buɗe wa motarsa wuta a cunkoso. Dogarinsa, Laftana Akintunde Akinsehinwa, ya rasu tare da shi. Shekarunsa 37. Aka kawo gawarsa gida Kano aka yi masa sutura, a 1977 kuma aka sa hotonsa a takardar naira 20.