Stu Ungar

Stuart Errol Ungar (8 ga Satumba, 1953 – 22 ga Nuwamba, 1998) ƙwararren ɗan wasan karta ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya yi fice a wasannin poker da gin rummy. Ya lashe babbar gasar World Series of Poker har sau uku.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin New York cikin iyalin Yahudawa. Mahaifinsa yana da mashaya inda ake caca, a nan ne Ungar ya koyi karta tun yana yaro. Bayan mutuwar mahaifin a 1967, ya bar makaranta ya kama wasan gin rummy don ciyar da gidansu. Ya gwanance sosai har manyan 'yan caca suka daina zama da shi. A 1977 ya koma Las Vegas, inda rashin abokan karawa ya sa ya juya zuwa poker.

Sana'a

A 1980, yana da shekara 26, ya doke Doyle Brunson a karawar ƙarshe ya ci dala 365,000. A 1981 ya kare kambunsa bayan ya doke Perry Green. An san shi da kaifin ƙwaƙwalwa da yawan matsa wa abokan wasa lamba. Ya kuma ci gasar Super Bowl of Poker a 1984 da 1988 da 1989.

Shaye-shaye

Ungar ya kamu da shan hodar iblis, kuma kuɗin da yake ci a karta yakan zubar da su a cacar wasanni da tseren dawakai. A gasar 1990 an same shi a sume a ɗakin otal, amma yawan abin da ya riga ya tara ya sa ya ƙare a matsayi na tara. A 1997, lokacin da ba shi da ko sisi, Billy Baxter ya biya masa kuɗin shiga, dala 10,000. Ya lashe gasar ya ci dala miliyan ɗaya, suka raba biyu. Cikin 'yan watanni rabonsa ya ƙare.

Mutuwa

An tsinci gawarsa a wani ƙaramin otal a Las Vegas, yana da shekara 45. Ciwon zuciya ne ya kashe shi, sakamakon shekarun da ya yi yana shan miyagun ƙwayoyi. A 2001 aka sanya sunansa a Poker Hall of Fame.