Narambaɗa: mawaƙin da ya saka kansa cikin waƙar sarki

Yau ba fim za mu taɓa ba. Kwanan baya ina zaune wajen mai cajin waya nan Tsamaye, sai gardama ta kaure tsakanin samari kan wane mawaƙi ya fi iya fitar da abin da ke cikin ransa. Wannan ya kawo Umar M. Shareef, wancan ya kawo Hamisu Breaker. Da na ambaci Narambaɗa sai aka fashe da dariya, wai ai makaɗin fada ne, mi ya haɗa shi da zancen zuci? Dariyar nan ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in ba ku tarihinsa, ku yi hukunci da kanku.

Sunansa Ibrahim. An haife shi a Tubali wajen ƙarshen ƙarni na 19, garin da yanzu ya faɗa ƙasar Shinkafi ta jihar Zamfara tun da aka ƙirƙiro ta a 1996. Mu nan Sabon Birni da Isa mun zauna a Sakkwato, amma duk ƙasa ɗaya ce, harshenmu ɗaya, kasuwanninmu ɗaya. Mahaifinsa Maidangwale ɗan kokawa ne, mahaifiyarsa kuma mutuniyar Badarawa ce, kuma ta ɓangarenta ne ya gaji kiɗan kotso. Laƙabin nasa ma akwai ban dariya: ana ba da labari cewa wata karya yake da ita mai suna Rambaɗa, sai aka riƙa ce masa na Rambaɗa, har sunan ya bi shi.

Bai faɗa fada kai tsaye ba. Ya taɓa kokawa irin ta ubansa, ya yi waƙoƙin noma, sannan ya koma waƙar sarauta. Daga baya ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, kuma yawancin waƙoƙinsa da muke ji yau shi ya yi wa. Ga wanda bai san kotso ba, ganga ce mai fuska ɗaya, ana rataya ta a kafaɗa a buga da hannu, kuma kiɗan sarakuna ce. Shi ke jan waƙa, 'yan amshinsa na karɓa, wani lokaci ya fara zance su ƙarasa masa kamar sun shiga cikinsa sun gani. Ko doki ya yi wa waƙa, kamar Dokin Iska Ɗanfilinge, sai ka ji kamar kana tsaye bakin filin sukuwa.

To ina zancen zucin? Ku je ku saurari Bakandamiya da natsuwa. Waƙar Sarkin Gobir ce, amma babban ɓangare nata Narambaɗa kansa yake magana a kai: yadda yake shirya waƙa, yadda yake ganin matsayinsa cikin mawaƙa, haushin masu ƙyashinsa, har da zancen mutuwarsa, wadda ya nuna ba za ta raba shi da mutane ba. Ku tuna fa a gaban sarki yake, inda aikinsa shi ne ya ɗaga ubangidansa ya yi wa abokan hamayya zambo. A wannan matsatsin wurin ya samu ƙofar da ya faɗi ko shi wane ne. Wasu za su ce ai kirari ne kawai. Ni dai abin da kunnena ke ji shi ne dattijo da ya san kwana sun ja, yana son ya tabbata aikinsa ba zai bi shi kabari ba. Wanda bai damu da a manta da shi ba, ba zai tsaya yana wannan dogon zance ba.

Kuma abin da ya nema ya samu. Ya rasu a farkon shekarun 1960, fiye da shekara 60 ke nan, amma har yau muryarsa na fita a gidajen rediyo da wayoyin mutane. Kalmar bakandamiya ta zama sunan da ake ba waƙar da ta fi kowace cikin waƙoƙin mawaƙi. Mamman Shata ma yana da tasa Bakandamiyar inda ya wasa kansa. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kan Narambaɗa, ɗaliban jami'a kuma na ta nazarin waƙoƙinsa. Masu sarautun da ya yi wa waƙa da yawa, yau ta bakinsa kaɗai ake jin sunansu.

Abin da ke damuna shi ne wannan. Kakana ya taɓa ganinsa yana yaro, ranar hawan salla a Isa, kuma shi ke fassara mini kalmomin da ban gane ba, don Hausar Narambaɗa tsohuwa ce, cike da karin magana da sunayen dawaki da na mazan jiya. Kakana ya rasu, akwai baitocin da har yanzu ban san wa zan tambaya ba. Rashin tsaro ya watse ƙauyukanmu da dama, tsofaffi sun yi gudun hijira, wasu Sakkwato wasu Maraɗi, hirar dare a dandali ta ragu. Sautin kam yana nan a memori, ba zai ɓace ba. Masu gane ma'anarsa ne ke ƙarewa.

Ban ce ku bar Breaker ba, ni ma ina ji. Amma in akwai tsoho gidanku, ku kunna masa Bakandamiya yau da dare, ku tsayar da ita duk inda kuka kasa ganewa, ku tambaye shi, ku ɗauki bayaninsa a waya. Wanda ya samu, don Allah ya turo mini mu haɗa wuri ɗaya. Allah ya jiƙan Ibrahim Narambaɗa, ya ba ƙasarmu ta Gobir lafiya.