Jean-Henri Fabre (1823-1915): Malamin da ya Bi Sawun Faɗa-wuta

An haifi Jean-Henri Fabre a shekarar 1823 a ƙauyen Saint-Léons da ke kudancin Faransa, a gidan talakawa. Ya fara koyarwa yana ɗan shekara 19 a garin Carpentras, daga nan ya koyar a tsibirin Kosika, sannan a birnin Avignon. A shekarar 1870 ya rasa aikinsa saboda ƙorafin da aka yi kan laccocin kimiyya da yake ba 'yan mata. A 1879 ya sayi wani fili a Sérignan, inda ya ƙare rayuwarsa yana nazarin ƙwari, ya kuma rubuta juzu'i 10 a kansu.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fito da sunansa shi ne bincikensa a kan faɗa-wuta, wato malam-buɗe-littafin dare. Wata safiya cikin watan Mayu, wata mace daga cikin manyan faɗa-wutan Turai ta ƙyanƙyashe a ɗakinsa, ya kife ta da ragar waya. Da dare ya yi, maza wajen 40 suka cika gidan. Cikin kwana takwas ya ƙirga kimanin 150. Da ya sa macen a akwatin da iska ba ta shiga, ko namiji ɗaya bai zo ba. Ya yi zaton ƙamshi ne da hancin ɗan Adam ba ya ji, amma har ya rasu a 1915 bai iya tabbatarwa ba.

Sai a 1959 Bajamushe Adolf Butenandt ya tace sinadarin daga matan faɗa-wutan siliki kimanin 500,000. A shekarar ce kuma aka raɗa wa irin wannan sinadari suna feromon.

Daga baya masana suka gano cewa kowane jinsi da irin haɗinsa. Faɗa-wutan da tsutsarsa ke huda karan masara a Turai da Amurka ya kasu gida biyu. Sinadarai biyu ne duk suke amfani da su, sai dai matan gida ɗaya suna haɗa su kashi 97 da kashi 3, na ɗayan kuma kashi 1 da kashi 99. Namiji yakan bi haɗin gidansu, don haka da wuya su yi barbara da juna. A 2010 aka gano cewa ƙwayar gado guda ce ke kawo wannan bambanci a jikin mace.

Fabre bai taɓa yarda da ra'ayin Darwin na sauyawar halittu ba, ko da yake Darwin ya yaba da kaifin lurarsa. Ga shi yau ƙamshin da ya fara bibiya yana cikin hujjojin da masana ke kafawa wajen nuna yadda jinsi ɗaya ke rabuwa biyu, kuma manoma na amfani da shi a tarkon ƙwari don kare amfanin gona.